Sabuwa mai garanti ko Toyota 'yar Beljiyam? Ku ba ni shawara kafin in sa hannu

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Ƙungiyar adashin ma'aikata ta wurin aikinmu ta kawo tsarin bashin mota, ana cira daga albashi har shekara huɗu. Abu biyu ne a gabana. Ko dai in karɓi sabuwar mota dal a leda ta wani kamfanin Chana, da garantin shekara biyar ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, ko kuma in karɓi kuɗin a hannu in nemi Camry ko Corolla 'yar Beljiyam da ta yi shekara goma a duniya, ragowar in zuba a ginina. Uwargida ta ce sabuwa, wai ta gaji da fitowa turi da mayafinta. Yayana ya ce in na sayi abin da ba Toyota ba, kada in kira shi ranar da ta tsaya. A Kaduna nake, duk ƙarshen wata ina zuwa Funtuwa gaida tsohuwa.

Direban Zariya:
Wa alaikumus salam. Yayanka ya gama magana. Toyota.

Alhaji Na Kwatano:
Malam, shekarata ashirin da wani abu ina sayar da mota, tun ana tuƙo su daga Kwatano ta Maraɗi, kafin gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017. Abu ɗaya zan gaya maka. Ranar sayen mota, ranar sayar da ita ake tunawa. Ka kawo mini Corolla da safe, kafin la'asar na samo maka mai saye. Ka kawo mini waccan bayan shekara huɗu, za ta yi wata uku a filina tana shan rana, duk wanda ya zo ya leƙa ya ce "a ina ake samun kayanta?" ya wuce. Garanti takarda ce. Ba a tura mota da takarda.

Maman Sadik:
Alhaji, ai dole ka faɗi haka, tunda kai 'yar Beljiyam kake sayarwa. Mai koko ba ya cewa kokonsa ya yi tsami.

Alhaji Na Kwatano:
Hajiya, Allah ya bar zumunci, tun da wuri za a fara?

Maman Sadik:
Ba faɗa ba ne Alhaji. Ni na sayi sabuwa da garanti, don haka bari in ba Baban Ilham labarin yadda abin yake daga ciki, daɗinsa da ɗacinsa. Ba zan kama sunan kamfani ba.

A shekara ta biyu giyar motar ta fara fizga, sai ka ji kamar an daki bayanta in za ta canza. Na kai musu, suka duba, suka ce laifin daga masana'anta ne, za su canza. Wallahi ko sisi ban biya ba, kuma da aka gaya mini kuɗin giyar in da saye zan yi, sai da na zauna. Wannan shi ne daɗin. Ɗacin kuma, motar ta yi sati bakwai a wurinsu ana jiran kaya daga waje, ba su ba ni ta aro ba. Sati bakwai ina hawa adaidaita zuwa shago, ga kai yara makaranta. Sannan duk sabis sai a wurinsu, kuɗin juye ɗaya a can ya yi uku na bakin titi. Akwai lokacin da tafiya ta kama ni, na wuce ƙa'idar sabis da kilomita dubu da ɗoriya, da na koma sai da aka yi ta kai ruwa rana kafin su yarda ba su soke mini garantin ba.

Da za a mayar da ni baya, zan sake sayen sabuwa. Amma ni a Abuja nake, wurin sabis ɗinsu minti ashirin ne daga gidana. Kai fa?

Baban Ilham:
Hajiya kin taɓo inda ban duba ba. Ban ma tambaya ko suna da wurin sabis a Kaduna ba.

Oga Panteka:
To ka fara da wannan tambayar, ranka ya daɗe. In ba su da shi, kowane kilomita dubu biyar sai ka ɗauki hanyar Abuja don juye kawai, ka ƙona mai zuwa da dawowa, ka kashe yini. Ka kawo mini nan in yi maka, sun sami hujjar soke garanti. Shi ke nan ka sayi kare ka dawo kana haushi da kanka.

Ɗan Houston:
Salamu alaikum. Ina zaune a Amurka shekara goma sha ɗaya, kuma daga nan yawancin motocin da kuke kira 'yan Beljiyam suke tasowa yanzu, sunan ne kawai ya rage na Beljiyam. Bari in faɗi yadda garanti yake a inda aka ƙirƙiro gasarsa, don a daina ɗaukar tsawon garanti a matsayin shaidar ƙarko.

A nan Toyota da Honda garantinsu iri ɗaya ne: shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar gaba ɗaya, sai shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. Hyundai da Kia kuwa shekara 5 ko mil 60,000 a kan motar, inji da giya kuma shekara 10 ko mil 100,000, wato wajen kilomita 160,000. In da tsawon garanti ne ma'aunin inganci, da Hyundai ta ninka Toyota kyau. Amma tarihin abin ba haka yake ba. A ƙarshen shekarun 1990 sunan Hyundai ya lalace a Amurka, ana yi mata dariya a talabijin, ba mai son saye. Shi ne suka fito da garantin shekara goma a kan motocin 1999 don su ce wa mutane ku saya, in ta lalace mu ne da asara. Kuma dabarar ta ci, ciniki ya tashi, su ma dole ta sa suka gyara aikinsu don kada garantin ya cinye su. Kia ta yi irin haka a Turai da garantin shekara bakwai. Wanda ba a yarda da shi ba shi ke yawan rantsuwa. Toyota ba ta buƙaci rantsuwar ba.

Sannan wani abu da dillalai ba sa faɗa: wannan shekara goman na wanda ya fara saye ne kaɗai. Da ya sayar, na biyu ya koma shekara 5 ko mil 60,000.

Injiniya Gusau:
Ɗan Houston, rabin gaskiya ka faɗa. Ka tsaya a 1999 kamar duniya ba ta motsa ba. Kamfanin J.D. Power da ke tambayar masu motocin da suka shekara uku irin matsalolin da suka gani, a rahotonsa na 2022 Kia ce ta zo ta ɗaya, gaba da Toyota da Lexus. Mu a nan Arewa mun mayar da Toyota kamar addini. Wanda ya ce wata mota ta fi ta sai a dube shi kamar ya yi saɓo.

Ɗan Houston:
Haka ne Injiniya, ta zo ta ɗaya a shekarar. Amma ka duba me ake ƙirgawa. Mota mai shekara uku ce, kuma wanda wayarsa ta ƙi haɗuwa da rediyon mota an rubuta masa matsala ɗaya, wanda injinsa ya buga shi ma matsala ɗaya. Baban Ilham ba mai shekara uku zai saya ba. Abin da ya dame mu shi ne me mota take zama a shekara ta goma sha biyu, a zafin Afrilu, a hanyar Funtuwa.

Tunda ka kawo Koriya, ƙasar Hyundai da Kia, ga labarin injinsu Theta II. A 2015 Hyundai ta yi kiranyen Sonata ta 2011 da 2012 wajen guda 470,000, wato ta ce masu su su dawo da su a gyara kyauta, saboda ɓarɓashin ƙarfe da aka bari a hanyoyin mai na karanshaf tun a masana'anta. Ɓarɓashin ya toshe mai, metal ya cinye, inji ya buga ana cikin tafiya, wasu ma su kama wuta. A 2017 aka faɗaɗa kiranyen ya haɗa da Sonata ta 2013 da 2014, da Santa Fe Sport, da Kia Optima da Sorento da Sportage. A 2020 hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta ɗora wa kamfanonin biyu hukuncin da ya kai dala miliyan 210 saboda jan ƙafa wajen kiranyen. Wani injiniyansu ne ma, Kim Gwang-ho, ya tona asirin, daga baya hukumar ta ba shi tukuicin dala miliyan 24.

Ba'amurken da ya sayi motar an canza masa inji kyauta. Wanda ya sayi irin motar a Kano, shi da aljihunsa.

Injiniya Gusau:
Madalla. Yanzu kuma ka ba mu na Toyota, ko in ba da?

Ɗan Houston:
Bismillah.

Injiniya Gusau:
A 2009 da 2010 Toyota ta yi kiranyen miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, mota ta yi ta gudu ba a taka ta ba, har an rasa rayuka. Shugaban kamfanin da kansa, Akio Toyoda, sai da ya je gaban majalisar Amurka ya ba da haƙuri. A 2014 suka biya dala biliyan 1.2 saboda sun ɓoye wa jama'a abin da suka sani. Wannan ya ninka na Hyundai sau nawa?

Na biyu, Camry ɗin da muke kira Muscle, mai injin 2.4 na 2007 zuwa 2009, sananniya ce da shan baƙin mai saboda yadda aka ƙera fistin da ringinta. Toyota da kanta ta amsa, ta ƙara wa'adin garanti a Amurka don a canza wa mutane. Na uku, ko kwanan nan a 2024 sun yi kiranyen Tundra da Lexus LX 600 sama da dubu ɗari saboda ɓarɓashin ƙarfe a cikin inji, ciwo iri ɗaya da na Hyundai da kake faɗa. LX 600 fa, wadda manyanmu ke shiga ana buɗe musu ƙofa.

Ban ce Toyota ba ta da ƙarko ba. Cewa nake a daina sayen tambari, a riƙa tambayar wane inji, wace shekara.

Direban Zariya:
Duk wannan turancin, ku zo tashar Kwangila ku ƙirga motocin da ke lodi. Mu da muke cin abinci da mota ba mu karanta rahoto ba, amma mun san wadda ke kai mu gida.

Oga Panteka:
Injiniya ya yi gaskiya a kan Muscle, kuma Baban Ilham ka rubuta wannan: in Camry za ka ɗauka a wannan jerin, nemi ta 2010 ko 2011 mai injin 2.5. Bodi kusan ɗaya ne, inji daban.

Amma ni bari in faɗi laifinmu, mu masu gyara da ku masu mota, don rabin abin da ake ɗora wa kamfani mu ne muke yi da hannunmu. Mota ta sauka daga jirgi, a kan murfin injinta an rubuta 0W-20 ko 5W-20, mai ne tsinkakke kamar ruwa. Sai a kai ta bakin titi a ɗura mata 20W-50 mai kauri wai don ƙasarmu da zafi. Injin zamani hanyoyin mansa ƙanana ne, kafin mai kaurin nan ya hau sama da safe ƙarfe ya gama cin ƙarfe. Na biyu a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye tana ta juyawa, a zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji. Na uku wuta ta kama a dashbod, maimakon a sa na'ura a ga me ta ce, sai a ce wa rewaya ya kashe ƙwan. Bayan shekara biyu inji ya buga, a ce motar ce ba ta da kyau.

Abin da ya sa Toyota ta yi suna a wurinmu, tana da haƙurin wannan zaluncin fiye da saura. Kuma in ta gaza, daga nan Panteka zuwa Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Ladipo a Legas, babu abin da za ka nema a jikinta ka rasa, sabo ko na Beljiyam, har ka zaɓa. Yaron da ya shekara biyu a gareji ya san ta. Garantin talaka ke nan.

Ɗan Agadas:
Sannunku mutanen Najeriya. Ni ban san rahoton Amurka ba, amma ku zo ku ga abin da ke shiga hamadar Tenere daga Agadas zuwa Dirku. Hilux ce da Land Cruiser, sai manyan motoci. A can in mota ta mutu ba batun kuɗin gyara ba ne, batun rai ne, don ruwan da ke cikin jarka shi ne kwanakinka. Ba wanda ya taɓa tambayar garanti. Maƙwabtanmu na Chadi ma a 1987 da waɗannan motocin suka kori tankokin Libiya, har ake kiran yaƙin da sunan Toyota.

Injiniya Gusau:
Ɗan uwa, wannan Land Cruiser ɗin da kake magana tun 1984 ake ƙera ta kusan a siffa ɗaya, ƙarfe ne zalla ba tarkacen lantarki. Ba ita Baban Ilham zai saya ba. Kakan mutum ya yi jarumta ba ya nufin jikan ma jarumi ne. Corolla ta Amurka daga 2014 yawancinsu giyar CVT ce, mai bel, ba irin tsohuwar giyar da muka saba ba. A zuba mata man giya na gama-gari a gani.

Oga Panteka:
Wannan haka yake. Manta daban ne, kuma ba kowane mai gyara ke buɗe ta ba, yawanci sai dai a sauke a ɗora wata.

Ɗan Houston:
Tunda an zo kan CVT, Nissan ma sai da ta ninka garantin giyarta zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a kan motocin 2003 zuwa 2010 saboda yawan ƙorafi. Kun ga abin da nake faɗa. Sau da yawa in ka ga an tsawaita garanti a kan wani sashe, wurin ne ke ciwo. Ruwa ba ya tsami banza.

Kawu Kakuri:
Yara kuna ta Japan da Koriya, kun manta a garin da mai tambayar yake an taɓa ƙera mota. Na yi aiki a kamfanin Peugeot na Kakuri. Tun 1975 ake haɗa mota a wurin, 504 da 505 har zuwa 406. A lokacin ma'aikacin gwamnati zai karɓi bashin mota ya ɗauki sabuwa fil, ga dila a kowane babban gari, ga kaya, ga makanikan da kamfani ya horar. Garantin ba wani dogo ba ne, amma yana da ƙafafu, don inda za ka kai kuka yana kusa. An ɗaga ƙafar motar an ƙarfafa ta don hanyoyinmu. Yau kuma an ce Ɗangote ya dawo da haɗa Peugeot a hanyar Abuja, ga Innoson a Nnewi. Allah ya sa su ɗore. Ni dai abin da na sani, alkawari gwargwadon kusancin mai shi ne.

Baban Ilham:
Allah ya ƙara girma Kawu. Mahaifinmu ma 504 ya yi ta hawa har ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Kawu Kakuri:
Amin. Allah ya kai haske kabarinsa.

Alhaji Na Kwatano:
To kun dai ji. Duk an zagaya an dawo inda na tsaya.

Maman Sadik:
Ba a dawo ba Alhaji. Tunda an tona na kamfanoni, a tona na dillalai. Wace garanti kuke bayarwa in mutum ya sayi 'yar Beljiyam a wurinku?

Alhaji Na Kwatano:
Ka zo da makanikinka, ya duba, ya tuƙa, ya gamsu. In ta fita daga fili ta zama taka. Haka ake yi ko'ina.

Maman Sadik:
Ka ji ko, Baban Ilham. "In ta fita ta zama taka."

Ɗan Houston:
Hajiya ta kama jijiyar. Ina zuwa wuraren gwanjon Copart da IAA, ina ganin abin da ake lodawa zuwa Legas da Kwatano. Kaso mai yawa motocin da kamfanin inshora ya biya mai su ne ya ce gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu: wadda ta yi hatsari, wadda ƙanƙara ta farfasa, wadda ambaliya ta shanye. A nan Houston bayan guguwar Harvey ta 2017 filaye guda aka cika da motocin da ruwa ya nutsar. Wadda aka buga ma da sauƙi, fanel bita zai gyara, ido zai gani. Ta ruwa ita ce mugunya, don za ta tashi lafiya, sai bayan wata shida wayoyi su fara tsatsa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice. Kuma da zarar an yi wa mota takardar cewa ta tashi daga aiki, kamfani ya zare hannunsa daga garantinta ko da 'yar shekara ɗaya ce. Ga kuma mayar da mita baya, mota ta yi mil 200,000 a mayar da ita 80,000.

Don haka Toyota da ta kwana a ruwa ba ta kai sabuwar Chana ba, komai tambarin da ke goshinta.

Alhaji Na Kwatano:
Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai masu tsoron Allah a sana'ar nan. Ni in mota ta taɓa bugu ina faɗa, in nuna hoton yadda aka sayo ta.

Almajirin Malam:
Allah ya saka da alheri Alhaji, haka shari'a ta ce. Ina so in gyara maganar "in ta fita ta zama taka". A fiƙihu akwai zaɓin aibi: wanda ya sayi abu, daga baya ya gano aibin da yake tun kafin ciniki kuma ba a nuna masa ba, yana da haƙƙin mayarwa. Mai sayarwa da ya san aibi ya ɓoye ya shiga hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ashe garanti ba Bature ne ya fara kawo mana shi ba. Shi garantin kamfani da ke zuwa tare da mota a cikin kuɗinta, malamai ba su ga laifinsa ba, sharaɗi ne a cikin ciniki. Wanda ake saya daban da ƙarin kuɗi don tsawaita wa'adi, shi ne aka yi saɓani a kai, wasu na ganin ya yi kama da inshora saboda kana biyan abin da ba ka san ko za ka amfana da shi ba. Allah ne mafi sani.

Barista Ƙaramin:
A dokar ƙasa ma akwai hukumar FCCPC da ke karɓar ƙorafin masu saye, tun dokar da aka sa wa hannu a 2019. Amma ko can ka je, takarda za a tambaye ka. Baban Ilham, kada ka yarda da "shekara biyar" na bakin mai talla. Ka ce a ba ka littafin garantin ka karanta kafin ka sa hannu. Ka duba ko shekara biyar ɗin ta motar duka ce ko ta inji da giya kaɗai. Ka duba abin da aka cire, yawanci taya da batir da birki da kulochi da shokozoba ba sa ciki ko wa'adinsu gajere ne, alhali su ne hanyar Funtuwa za ta fara ci. Ka duba me suka ce game da gurɓataccen mai. Ka tuna farkon 2022 da aka shigo da fetur mai methanol ya lalata wa mutane motoci, irin wannan kamfani zai ce ba laifin ƙira ba ne. Ka duba ko garantin na bin mota in ka sayar.

Direban Zariya:
Wato abin da zai lalace ba ya ciki, abin da ke ciki ba zai lalace ba.

Maman Sadik:
Giyata fa, Malam Direba? Tana ciki kuma ta lalace.

Direban Zariya:
Na janye, Hajiya.

Ɗan Houston:
Abu na ƙarshe daga gare ni, kuma wannan ya shafi duk mai 'yar Beljiyam a gidan nan, ba mai tambaya kaɗai ba. Garanti ba ya tsallako teku, amma tarihin mota yana tsallakowa. Kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ka sa ta a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba. Ka biya kuɗi kaɗan a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motoci, ka ga hatsari da ambaliya da ainihin mil ɗinta. Sau da yawa ko a Google ka sa lambar, hotunan gwanjonta za su fito.

Dalilin da ya sa na damu shi ne jakar iskar kamfanin Takata, wato jakar da ke hurowa ta kare mutum in an yi hatsari. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa da zafi da laima, in ta tashi fashewa sai ta watso gutsattsarin ƙarfe a fuskar direba. An yi kiranyen sama da miliyan sittin a Amurka kaɗai, kamfanin ya karye a 2017. Honda Accord da Civic na farkon shekarun 2000 suna ciki, Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana ciki, wato motocin da suka cika titunanmu. Wadda aka fitar kafin a canza mata, tana nan da abinta a Kano ko Gusau tana shan rana.

Oga Panteka:
Rabin waɗanda ke zuwa wurina ma jakar ta riga ta fashe tun can, an cusa tsumma an liƙe. Wannan wata maganar ce.

Baban Ilham:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira mai tallar yanzu. Ya ce ba su da wurin sabis a Kaduna tukuna, wai "ana shirin buɗewa", a yanzu sai Abuja. Littafin garanti kuma ya ce sai an biya ake bayarwa, na ce ko hotonsa ya turo mini, ya ce zai tambayi ogansa.

Barista Ƙaramin:
In bai turo ba kada ka sa hannu.

Maman Sadik:
Ka kuma tambaye shi ko suna ajiye kaya a ƙasar nan ko sai an yi oda. Da na san in yi wannan tambayar da ban yi sati bakwai a adaidaita ba.

Alhaji Na Kwatano:
Akwai Camry 2011 fara a wurina, injin 2.5 ɗin da Oga ya faɗa. Zan turo maka lambar shasin ka ba Ɗan Houston ya bincika, in ya ga ruwa a tarihinta na yafe la'ada.

Ɗan Houston:
Turo. Amma sai gobe, nan dare ya yi.

Baban Ilham:
To Alhaji, ina jira. Oga Panteka, in ta tsallake binciken, za ka samu zuwa ranar Asabar ka duba mini ita da na'urarka? Uwargida kuma ban san yadda zan fara yi mata bayani ba, ta riga ta zaɓi kala.

Oga Panteka:
Asabar bayan azahar. Ka ce wa Alhaji kada a tayar da ita kafin mu zo, a sanyi nake son jin injin.